Kawu Sule da Gashin Zabuwa

Duk wanda ya zauna a Limawa ya san da an idar da la'asar Kawu Sule zai fito ƙofar gida da doguwar gorarsa, ya ajiye faifai can nesa a kan yashi, ya tsaya yana fatsa a busasshiyar ƙasa. Ba kogi, ba kududdufi! Sai ya ɗaga gorar, zaren ya tafi baya a iska, ya ɗan dakata, sannan ya turo shi gaba, ƙugiyar ta sauka tsakiyar faifan a hankali. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun da ya bar aikin gwamnati babu abin da yake tattali kamar hannunsa na dama. Addu'arsa kullum ita ce kada Allah ya karɓi hannun kafin ya karɓi mai shi.

A bakin kogin Ringim ya tashi. Can ya lura kifin kawara na tsalle ya cafke fara in ta faɗo kan ruwa, shi ke nan ya yi sallama da tana. Gashin zabuwa yake naɗawa a ƙugiya har ta yi kama da fara. Tun da babu wani nauyi a bakin zaren, jifan sai da dabara, kuma karatun nasa ɗaya ne: "Jira zaren ya miƙe a bayanka. Mai gaggawa bulala yake yi, ba fatsa ba."

Wata rana limamin unguwarmu ya biyo ta bayansa daidai lokacin da zaren ya miƙe. Sai ga hular Malam ta tashi, ta wuce ta kan Kawu, ta sauka cikin faifai.

"Subhanallahi! Malam Sule, mene ne haka?"

Kawu ya ɗauko hular, ya zare ƙugiyar, ya kaɗe ta, ya miƙa da hannu biyu. "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Amma tsakani da Allah dubi jifan nan, ko fatar kanka bai taɓa ba."

Daga ranar ta layin baya Malam yake bi.

Matarsa, Inna Hajara, ita ta fi kowa shan wahala, don duk zabinta babu mai cikakken gashi. Wata sallah ta kama guda ta ce a yanka, Kawu ya tare ƙofa.

"Haba Hajiya! Wannan ai ma'aikaciyata ce. Gashin wuyanta kawara ke so."

"To kawarar tana ina, Malam? Kullum gashi kake kai wa kogi. Me ka taɓa kawo mini?"

"Labari," in ji shi. "Na taɓa dawowa ban kawo miki labari ba?"

Masuntan Ringim ma tausayinsa suke ji. Na taɓa raka shi, ya wuni yana jifa ba ko ɗaya, wani masunci ya matso da gwangwanin tana. "Baba, karɓi wannan ka huta." Kawu ya yi godiya, ya mayar masa. "Ɗana, in na ba kifi abinci ya ci, wa ya yi wa wani dabara?"

Sai abin da yake tsoro ya same shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun ya koma kwance a cinya. 'Ya'yansa suka ɓoye gorar don kada ganinta ya riƙa tayar masa da hankali. Kawu bai tambaya ba, bai kuma yi faɗa ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. In la'asar ta yi sai ya juya wa ƙofa baya. Abinci ma sai an yi da gaske.

Inna Hajara ce ta gaji. Da kanta ta fito da gorar daga bayan sito, ta bi zabuwar nan ta fizgo gashi, ta zube masa a cinya. "Hagun kuma ajiyarta kake yi?"

A kan kujera ya fara. Zaren ya naɗe masa wuya, ƙugiya ta kama masa riga, faifai kuwa ko kusa. Babu wanda ya yi dariya a layin. Damina ta wuce yana fama, sai wata safiya ya ce mini, "Habu, kai ni Ringim. Akwai wata inuwa a ƙarƙashin ƙirya, so nake in ajiye gashin nan a can."

Na kai shi, na dasa masa kujera a bakin ruwa. Jifan farko ya zube a ƙafarsa. Na biyu ya kama ciyawa, na je na warware. Zuciyata ta karye, na ce, "Kawu, bari in jefa maka."

"Kai? Mai bulala?"

Ya sake ɗagawa. Zaren ya tafi baya, Kawu ya jira har na ɗauka ya manta, sannan ya turo. Gashin ya sauka cikin inuwar nan, ruwan ko motsi bai yi ba. Kawu ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa.

"Naɗe, mu tafi gida."

"Kifin fa, Kawu?"

"Bar shi. Hajiya labari take jira."

Bai sake ganin kogin ba. Gorar na nan a jingine a zaure, zabin Inna kuma duk gashinsu ya fito, ita kuwa ta hana a yanka ko ɗaya. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda ya riƙa sauke gashin nan a hankali, Allah ya sauke shi cikin rahamarsa haka. Amin.