Tsiron Da Ke Cikin Kan Maigidana

Maigidana mai hawan dabino ne a Dutse, zamanin da Nasara ba su daɗe da kama ƙasa ba. Mutum ne mai sanyin hali, tunda aka kai ni gidansa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ciwon kai abin ya soma. Yana tashi da safe sai ya dafe goshi, ya yi ta amai alhali bai sa komai a bakinsa ba. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, ya sha rubutu har ya gaji, amma ciwo bai san ana yi ba.

Kafin girbin gero hannunsa na hagu ya saki, ya daina hawa. Sai kuma hali ya juya. Ran nan na miƙa masa fura, ya yi jifa da ƙwaryar, ya zage ni a gaban mahaifiyarsa, zagin da ko a kasuwa ban taɓa ji ba. Jim kaɗan ya dube ni ya ce, "Wa ya sa ki kuka?"

Inna, surukar tawa, ta ce, "Ɗana ba haka yake ba. Wani abu aka ba shi ya ci, kuma ba daga waje ya shigo ba." Ni kaɗai ke yi masa girki. Daga ranar maƙwabta suka daina aron turmina.

Ana cikin haka aka aiko a fitar da maza aikin hanyar Nasara. Ƙanen maigida ya ce yayansa ba shi da lafiya. Ɗan aiken ya ce, "Ba zazzaɓi, ba miki, ga shi a kan ƙafarsa. Lalaci ne." Suka ɗora masa kwandon tsakuwa. Kafin azahar aka dawo mini da shi a kan ƙyaure. Faɗuwa ya yi yana shure-shure, bakinsa na kumfa, kuma sai da ya sha bulala kafin a yarda ba wasa yake yi ba.

Ƙanen nasa ne ya ce mu gwada asibitin Nasara a Kano. Muka ɗora shi a jaki, ina tallafe da shi ta gefe don kada ya zame, muna ya da zango a ƙauyuka. Likitan, wani dogon Bature, ya haska masa ido da ƙaramar fitila, ya ce ya taɓa hancinsa da yatsa, ya kasa. Tafinta ya juyo ya ce mana, "Tsiro ne yake girma a cikin ƙwaƙwalwarsa. Shi ya kashe hannun, shi ya sauya halin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da mutum ya ci yana iya kawo shi?"

Tafinta ya ce, "A'a. Ba wanda ya sa masa."

"To a cire masa mana."

Baturen ya girgiza kai. Tafinta ya ce masu buɗe kai suna can ƙasarsu bayan teku, kuma ko a can, irin wannan mai saurin girma da wuya a tsira. Aka ba mu ƙwayoyin rage zafi, aka ce mu koma gida. Nasaran da suka bi mu gida-gida suna ƙirga kawunanmu saboda haraji, ga kai ɗaya ya lalace, sun ce mu ɗauki abinmu.

Ƙwayoyin suka ƙare, ciwon bai ƙare ba. Ya makance, magana ta ɗauke. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ɗura masa koko da ludayi, Inna na tsaye a kaina tana lura da hannuna. Da ƙanen ya gaya mata abin da likita ya faɗa, cewa ta yi, "Ya ga cikin kai bai buɗe ba? Gaibu ya sani?"

Ya rasu da saukar ruwan farko. Ina fita takaba aka ce in koma gidanmu a Miga, 'ya'yanmu biyu kuma su zauna a gidan ubansu. Ƙaramin bai rayu ba. Babban ya tashi da labarin uwarsa ce ta kashe ubansa. Sai da ya soma furfura ya zo gaishe ni. Ya zauna a bakin ƙofa, muka gaisa kamar baƙi, na kawo masa ruwa a sabuwar ƙwarya. Har ya yi mini sallama bai sha ba.