Ranar da Gwaggo ta auna duniya da tiya

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta ranar da makomar karatuna ta rataya a bakin wata tsohuwa mai sayar da gero a kasuwar Illela. Tsohuwar nan kuwa gwaggona ce, yayar babana.

Na gama digirin kimiyyar fiziks a Sakkwato, na samu gurbin digiri na biyu, saura kwana huɗu a rufe rajista. Baba ya ce shi ba ya da ja, amma sai yayarsa ta amince, don ita ta goya shi. Mutumin da ke ɗaga wa direbobin manyan motoci murya a bakin iyaka, in ya ji tarin Gwaggo sai ya gyara hula.

Na same ta ranar kasuwa a rumfarta, tana korar awaki da kara. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce in faɗa mata abin da zan je in karanto wanda bai ishe ni ba shekara huɗu.

A lokacin ina ji da kaina, wallahi. Na gyara zama na soma bayani. Na ce kowace ƙwayar abu a duniya tana da abokiyar tagwaicinta, wadda masana ke kira antimata. Kamarsu ɗaya, halinsu ne ya saɓa, kuma in suka haɗu duka biyun sai su ƙone su zama haske. Na ce a lissafi, farkon halitta daidai wa daida ya kamata su fito, su cinye juna, kada a bar ko tsinke. Amma ga mu, ga awaki, ga Illela, ita kuwa antimata sai an sha wuya ake ganin ɗigonta.

Gwaggo ta tambaya ina ta tafi. Na ce ba a sani ba. Ta ce malaman nawa fa? Na ce su ma ba su sani ba.

"To mi za ki je yi wurin mutanen da sunka ce ba su sani ba? Zauna nan, ni ma ban sani ba, kuma kusa nike."

Matan rumfar gefe suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya kawo ruwa, don na ga karatun nan yana sulalewa a kan raha.

Ana cikin haka wata mata ta zo daga Ƙonni tana son tiya biyar. Gwaggo ta miƙo mini tiyar, wai mai digiri ta auna. Cikin fushi na cika, na sa tafin hannu na shafe bakin tas, yadda aka koya mana a ɗakin gwaji. Sau biyar haka, na kama bakin buhu zan ɗaure. Matar ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta tambaya ko ta yi mana wani laifi ne.

Gwaggo ta fizge tiyar. Ta ce wane marar tarbiyya ne ke awo ba tozo, kuma ya sallami mutum ba gyara? Ta sake awon, sannan ta dumbuzo gero da hannu ta watsa a kai.

Ina kallon hannun nan bakina ya kubce. Na ce Gwaggo, ai abin da ake zato ke nan: a kowace ƙwaya biliyan da suka cinye juna, an samu guda ɗaya ta ƙari a ɓangarenmu, wadda ba ta da abokiyar da za ta cinye ta. Wannan 'yar ƙarin ita ce rana da wata da mu duka.

Ta tsaya da sauran gero a hannu. Ta ce ashe duk fankamar da mutane ke yi, har da ubana da hularsa, gyara ne? Na ce gyara ne. Ta yi dariya har da tari.

"Ni na san Mai gyaran, ba sai na tai makaranta ba. Ke tahi ki gano yadda anka yi awon. In kin gano, ni za ki fara hwaɗa wa."

Washegari na hau mota. Gwaggo ta rasu ina shekarar ƙarshe, ban kawo mata amsa ba, kuma har yau babu wanda ya samo ta. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta kasa gane iliminka, yawanci ba ita ce ba ta gane ba, kai ne ba ka gama ganewa ba.