Tururuwa a Ludayin Kaka

Shekaranjiya da hantsi matar ɗana ta miƙo mini jaririnta don ta sauke tukunya. Ban gama gyara shi a kafaɗa ba sai na ji ɗumi yana bin bayana. Tumbuɗi. Ta taso da tsumma tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na tsaya ina shaƙar warin, ɗan tsami-tsamin nan kamar na kindirmon da ya kwana a ƙwarya. In kin taɓa goyo kin san shi. Ni dai duk inda na ji shi sai in koma yarinyar da ba ta daɗe da gama famfara ba, zane a ƙirji, ƙanwata a baya.

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ne. Garinmu yana ƙasar Maradun, bakin gulbi, yana cikin waɗanda aka ce ruwa zai ci. Aka tashe mu aka maida mu kan wani tudu mai tsakuwa, ba tsamiya ba kuka, inuwa sai ta katanga. Baba ya samu aikin lebura a kamfanin da ke gina dam ɗin, tifa ke ɗaukarsa, sai ranar hutu muke ganinsa. Gida ya rage daga Inna sai ni sai Kaka, mahaifiyar Baba. Goggo, yayar Baba, tana aure wajen Bakura, amma ƙafarta ba ta ɗaukewa daga gidanmu.

Ana yankan gero Inna ta haihu. Ranar suna Kaka ta ɗaura wa jaririyar 'yar jigida ja da ta sarƙa da hannunta, ta bar ɗan sarari don ƙibar da ake jira.

Tun satin farko yarinyar nan ba ta riƙe nono. Ta sha, a kwantar da ita, sai ki ga ya biyo baki, wani lokaci har ta hanci. Matan da ke zuwa barka dariya suke yi, suna cewa ai mai tumbuɗi shi ke ƙiba, a ƙara mata ta maida abin da ta zubar. Haka kowa ya taso ya ji, don haka ba wanda ya damu. Da ta yi kuka a ba ta nono, ta cika ciki ta amayar, ta banƙare tana tsala ihu, a sake ba ta. Barci kuwa ba ta yi, ba ta barin kowa ya yi. Da bayanta ya taɓa shimfiɗa sai ta zabura kamar an ɗana mata garwashi.

Har Inna ta gama wankan jego ƙibar ba ta zo ba. Wuya kamar sillen kara, ido ya yi zuru-zuru. Jigidar nan in aka ɗaga yarinyar sai ta sulale ta faɗo ta ƙafafu. Inna ta so ta rage zaren, Kaka ta hana. Ta ce ba a rage jigida, mai ita ke cika ta. Baba ya kai su asibitin Mafara wata Talata, aka duba aka ce ba a ga wata cuta ba, a ci gaba da ba ta nono.

Goggo ba ta yarda ba. Ta ce nonon ne ya ɓaci, tun ranar da Inna ta ga ruwa ya hau kushewar mahaifinta baƙin ciki ya gauraya da shi. Magani a wajenta ɗaya ne, a raba yarinyar da mama a koma ɗura. Ku na yanzu ba ku san ɗura ba. Kwantar da yaro ake yi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba nonon akuya ko kunu, a toshe masa hanci har ya haɗiye. Wasu sun rayu a haka. Kaka kuwa 'ya'yanta biyu ta binne bayan an ce nononta mugu ne an koma yi musu ɗura. Inna kuwa, wa ya ga matar ƙane tana musu da yayar miji? A bakin murhu take kukanta ta ce hayaƙi ne.

A wajenmu ba a yanke wa nono hukunci sai an gwada shi. A tatsa kaɗan, a jefa tururuwa a ciki. In ta fita da ranta, nono lafiya lau. In ta mutu, shi ke nan. Ranar gwajin mata suka cika tsakar gida. Goggo ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan kofin tangaran mai santsi da ta sayo a kasuwa.

Kaka ta dube shi ta taɓe baki. "Wanga na shan shayin Turawan kamfani na. Tun kakanni a ludayi aka yi, ba ni canzawa yau."

Ta aike ni na ɗauko sabon ludayin da ta fafe bayan girbi, wanda ko fura bai taɓa gani ba, cikinsa duk kaushi. Inna ta juya baya ta tatsa. Goggo na cewa a ƙara, Kaka ta janye ludayin ta ce nonon ɗiya ba na wasa ba ne. Ni na kamo tururuwar a gindin katanga. Da aka jefa ta, kowa ya sunkuyo. Ni da nake durƙushe jikin gwiwar Kaka, na ga hannunta ya ɗan karkata. Nonon ya malala gefe ya yi siriri, tururuwar ta yi 'yan mutsu-mutsu, ƙafarta ta kama kaushin duma, ta haura, ta bi ta kan babban yatsan Kaka ta yi tafiyarta.

Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Goggo ta maida kofinta bakin zane.

"To, mun gani," in ji ta. "Amma in damina ta faɗi jigidar ga na zamewa, ni da kaina ina zuwa in ɗauki tsinken ga in yi mata abin da ya kamata."

"Allah shi kai mu," in ji Kaka.

Daga ranar Kaka ta kafa dokarta, dokar da ta sa mata suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Yarinya na rama, ita kuwa ta ce a rage mata nono. Ba a bari ta ƙoshi. Tana cikin sha Kaka za ta sa ɗan yatsa a gefen bakinta ta zare maman, yarinya na kuka, Inna na kau da kai. Amma ba a jimawa za a sake ba ta, kaɗan-kaɗan, wuni guda ana yi. Kuma in ta sha ba a kwantar da ita. Kaka ta ce tulun da ba shi da marfi ba a kishingiɗa shi. Sai a ɗora mini ita a baya a miƙe, a ɗaure zanen sama-sama kada ya matse mata ciki. Kaka ta ajiye ɗan dutse gaba da inuwar katanga kamar taƙi guda, sai inuwa ta taɓa dutsen nake da izinin zama. Da dare ita ke karɓa. Duk sanyin shekarar nan Kaka a zaune ta yi barcinsa, ta jingina da buhun gero, jikarta kwance a ƙirjinta.

Ni na gano abin da ke sa yarinyar barci da rana. In na bi bakin hanyar da tifofi ke wucewa da dutse, rugugin nan da ke girgiza ƙasa sai ya sa kanta ya yi nauyi a bayana. Na zama 'yar bakin hanya. Ƙawayena na carafke a inuwa suna kirana mai warin nono, ba mai son zama kusa da ni. Zanena ɗaya, kullum a jiƙe. Na yi kuka a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Kaka ta ce, "Bar su, uwar goyo. Su duwatsu suka raino, ke mutum."

Tumbuɗin bai tsaya ba, raguwa ya yi. Daga abin da ke jiƙa zane ya koma abin da ake sharewa da yatsa. Da zafin bazara ya shigo ta fara zama in an tokare ta da matashi, aka fara lasa mata ɗan kunu mai kauri da cokali. Ni na riga kowa sani, don baya ba ya ƙarya. Na fara jin nauyinta a ƙuguna.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da Goggo ta zo cika alkawari. Ta gaisa a gurguje ta ce a miƙo mata yarinyar. Ta ɗaga ta sama tana jiran jigida ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Ta sa yatsa za ta ja, yatsan ya ƙi shiga. Ta ƙara ƙarfi, sai zaren ya tsinke, jajayen duwatsun suka watse a tsakar gida, kaji suka bi su da gudu. Kaka ta tuntsire da dariya har da hawaye. Inna ta manta da kunya ta rangaɗa guɗa a gaban yayar mijinta.

Goggo ta juya yarinyar ta dubi sawun zare a ƙugunta. "Ai dama na hwaɗa muku," ta ce, "mai tumbuɗi shi ka ƙiba."

Sai da na yi haihuwar fari na samu bakin tambayar Kaka, lokacin idonta ya fara dushewa. Na ce, Kaka, da a kofin Goggo aka jefa tururuwar nan fa? Ta daɗe tana murmushi.

"Tururuwa mi ta sani ga nono, ɗiyata? Hanyar hita taka biɗa. Ni ko na ba ta."

Yau ba mai gwada nono da tururuwa, ɗura ma ta zama labari, kuma ban yi kewarsu ba. A asibiti ake ɗora jarirai kan sikeli. Matar ɗana ta dawo daga awo tana karanta mini abin da malamar ta ce: a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a kwantar da shi da ya sha. Na ce Allah ya yi wa malamar albarka. Ƙanwata kuwa tana nan Mafara da jikokinta, in ta tare ɗan kabu-kabu sai ya leƙa tayarsa ta baya kafin ya ce ta hau. Duk sanda ta fara yi mini tsiwa sai in juya in nuna mata bayana, in ce nan aka gina wannan jikin.

Shekaranjiyan nan dai, matar ɗana na tsaye da tsumma tana jiran in maida mata yaron. Na ce ta je ta ƙarasa girkinta. Na juya shi baya, na ɗaure zanen sama-sama, na tura wani ɗan dutse da ƙafa gaba da inuwar katanga.