Kafinta da Ƙofar Aji

Shekara ashirin kafinta yana haɗa wa makarantu bencina, amma da autarsa ta isa shiga aji, makarantu uku suka ƙi karɓarta saboda tana kan keken guragu. A ta huɗu, keken ya maƙale a ƙofa. Kafinta ya juya zai tafi da ita.

"Ina zuwa, Baba?" in ji malamar ajin. "Ƙofar ce ta matse, ba laifin yarinya ba ne. Ga fensir a kunnenka, ai mun samu mai gyara!"

Washegari ya faɗaɗa ƙofar. Auta ta shige, yara suna rigimar wanda zai tura ta. Ya jingina da bango, ya sauke ajiyar zuciya.