Cikin Zaliha da Ya Kwanta

Wanda ya san Zaliha ta Allakaye a shekarunta na ƙarshe zai ce maka ita ce mai jikin nan da ke zama a ƙofar gida tana saƙar faifai, wadda sai ta dafa ƙasa da hannu biyu kafin ta miƙe. To ni na san ta tun tana siririya kamar karan dawa. Ni ce Hajjo, ungozomar unguwarmu, katanga ɗaya ta raba gidana da nata. In kuwa ana neman wanda ya sa Zaliha ta yi shekara huɗu ba ta yi kukan mijinta ba, kada a wahala, ga ni nan zaune.

Mijinta Manzo mai haƙar rijiya ne. Shi ya sa ita ba ta kiransa da komai sai "mai rijiya", don ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko da wasa. Ranar da anka kai ta ɗakinsa ya sa maƙeri ya ƙera mata munduwar tagulla, anka matse ta a hannunta na hagu yadda ba ta fita. A lokacin munduwar har gwiwar hannu take zamewa in ta ɗaga tulu. Mukan tsokane ta mu ce, "Ke Zaliha, Manzo ba ya ba ki tuwo ne? Iska za ta kwashe ki ta kai garin Buza." Sai ta yi dariya ta haye dutse da tulunta ta bar mu muna haki.

Sau uku ta haihu, ni na yanke cibiyarsu duka. Biyu ƙyanda ta ɗauke su, na ukun bai kwana bakwai ba. Daga nan shiru, shekara goma sha biyu. Ba ta yi ƙorafi ba, amma in ana suna a unguwa ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen miƙa jariri ga uwarsa.

Da ranin 1979, tana da shekara arba'in da huɗu ko da biyar, ta shigo gidana da hantsi tana ta murza bakin zane.

"Yaya Hajjo, wata uku ke nan ban ga wanki ba. Ga wani zafi da ke taso mini daga ƙirji har ka, sai in jiƙe sharkaf. Zanena ma ya fara matse ni."

Na kwantar da ita a tabarma, na danna nan, na danna can. Tsakani da Allah, ban ji wani abin kirki ba. Amma na ga ta yi haske, na ga kumatu sun fito, na ga yadda take kallon bakina. Sai na ce, "Tashi, ke! Ciki ne."

Manzo da ya ji, ranar kasuwa ya dawo da ɗan rago fari ya ɗaure a gindin rumbu, wai na suna. Na ce mishi, "Kai, wa ke sayen rago tun ciki bai yi motsi ba?" Ya ce in bar shi, shekara goma sha biyu yana jiran ya yi wannan wautar.

Bai cika wata da sayen ragon ba rijiya ta rufta da shi a kwarin da ke gabas da gari. Maza sunka yi ta tono har la'asar kafin su ciro shi. Ina tsakar gidan lokacin da anka shigo da labari. Na ga Zaliha ta saki taɓarya, ta ɗora hannu a ka, ta buɗe baki za ta kurma ihu. Na yi wuf na rungume ta, na toshe mata baki da tafina.

"Kul! Kada ki yi kuka. In kin yi, cikin nan zai zube. Shi kaɗai ya bar miki."

Ta haɗiye. Wallahi na ji shi yana wucewa a maƙogwaronta ƙarƙashin hannuna. Anka yi jana'iza, anka yi uku, anka yi bakwai, anka yi arba'in, mata suna ta sharɓar kuka, ita tana zaune da hannu biyu a kan mara, idonta a bushe.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, amma ta mai ciki sai ta sauka. Haka liman ya ce, kuma haka kowa ya sani. Zaliha ta aje kwalli da lalle, ta bar zuwa kasuwa da biki. Munduwa kuwa tunda ba ta fita, sai ta naɗe ta da tsumma don kada a ce ta yi ado. Mu kuma matan unguwa munka ɗauke mata daka da ɗiban ruwa da itace. Wagga ta kawo fura da nono, waccan ta kawo tuwo da man shanu, kowa na cewa ci ki ƙoshi, ku biyu ne. Matar da ta saba hawan dutse sau huɗu a yini ta koma zaman tabarma, ga ƙwarya a gabanta ba ta yankewa.

A wata na bakwai sai ga jini, ɗan kaɗan, kwana biyu ya ɗauke. Ta aiko a kira ni. Na duba na ce kada ta damu, ba ɓari ba ne, cikin ne ya kwanta. A wajenmu an san wannan: in mai ciki ta firgita, ɗan yakan kwanta barci a cikinta, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sai ranar da Allah ya tashe shi. Wa zai yi musu, bayan irin firgitar da ta yi? Na shiga haɗa mata sassaƙe da saiwoyi na tayar da ciki, ana karɓo mata rubutu, tana sha da kunun kanwa.

Jiki kuwa sai gaba yake yi. Wuya ya cika, damatsa sunka yi nauyi, ciki ya turo. Zanenta ya kasa zagayawa, anka ƙara mishi falle. Gwiwoyi sunka fara ciwo. Zafin nan in ya taso mata, ko da sanyin safiya ne, sai ta ɗauki faifai tana fifita, gumi na ɗiga daga haɓarta, ta ce, "Kin gani, Yaya? Mai zafin jini ne kamar ubansa." Ragon suna ma yana nan a gindin rumbu yana cin dusa, ƙaho ya murɗe. Nakan ce mata, "Ke da ragon nan gasa kuke yi?" Ta yi murmushi ta shafa cikinta ta ce, "Tashi mana, malalaci. Mai rijiya kafin zakara yake tashi, wa ka gado?"

Allah Sarki. Haka take hira da shi duk yini. Takan gaya mishi yadda ubansa ke ɗanɗana ƙasa da harshe ya san ko ruwa na kusa, da yadda yake dawowa jajir da laka har gira. Igiyar Manzo da ɗan gajeren daginsa suna rataye a ɗaki, duk Juma'a sai ta kakkaɓe su, wai kayan gado ne, mai su na zuwa.

Ni fa tun shekara ta biyu zuciyata ta fara tsinkewa. Ɗa a ciki tauri gare shi, ko yana barci hannu zai same shi. Ni kuwa in na danna sai hannuna ya nutse cikin taushi, ba kai, ba gwiwa. Na tuna lokacin da nawa jinin ya ɗauke, na sha wannan zafin, sai dai ni ban ƙara ko tsoka ɗaya ba, shi ya sa tun farko hankalina bai kai can ba. Sau nawa na shiga gidan da niyyar in faɗa mata! Sai in iske ta tana ɗinkin 'yar hula, in ce, "Sannu da aiki," in fito. Magana zarar bunu ce. Ni na zare ta, kuma na rasa ƙarfin halin da zan ce ƙarya na yi. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Munduwa ce ta tona mu. A shekara ta huɗu na lura tana ɓoye hannun hagu cikin mayafi, ga ƙuda na binta. Na kama hannun da ƙarfi na warware tsumman. Innalillahi! Tagulla ta nutse cikin nama, wurin ya yi ruwa yana wari, yatsu sun kumbura sun yi suntum. Na ce a kira Gajere maƙeri ya yanke ta. Ta fizge hannunta.

"Mai rijiya ne ya sa mini. Ba mai cire ta."

"To sai ki bari hannun ya ruɓe, ki goyi ɗan da ƙafa!"

Wannan ce ta karya ta. Amma Gajere da ya gani ya girgiza kai, ya ce shi ba ya sa ƙarfe a wannan ciwo, mu tafi asibitin mishan da ke wajen Madawa. Liman ya ce lalura ce, ta tafi. Ranar kasuwa munka hau kamyo, babbar motar da ke ɗaukar buhunan albasa, sai da maza biyu sunka tallafa mata kafin ta hau. Rabonta da fita daga gari shekara huɗu.

A can wata ma'aikaciya ce ta karɓe mu, Lidiya, Kirista ce, amma Hausarta irin tamu. Anka yi wa Zaliha allura, anka yanke munduwar gida biyu, Lidiya ta wanke guntayen ta ƙulle mata su a bakin zane ba tare da an roƙe ta ba. Lidiya tana cikin ɗaure ciwon, sai Zaliha ta ce, "A yi a hankali da magani, ɗiyata, ina da ciki."

"Wata nawa, Inna?"

"Shekara huɗu. Ya kwanta ne."

Na zaci Lidiya za ta yi dariya, na ma shirya abin da zan gaya mata. Ba ta yi ba. Ta ce kakarta ma ta taɓa faɗin haka. Ta kwantar da Zaliha, ta daɗe tana dannawa, ta kafa wani ɗan ƙaho a cikin ta kara kunne, ta kira lokotoro, wato likita, shi ma ya duba. Sannan ta jawo kujera ta zauna dab da ita.

"Inna, babu ɗa. Kuma ba mutuwa ya yi ba, tun farko babu shi. Jininki ne ya zo ɗaukewa, kamar yadda yake ɗauke wa kowace mace in shekaru sun kai. Shi ke kawo zafin nan, wasu kuma ya sa su ƙiba, balle ga zama wuri ɗaya. Lafiyarki lau. Ki koma daka da tafiya kaɗan-kaɗan, ki rage mai, gwiwoyin za su yi sauƙi."

Zaliha ta ce, "To." Ta gyara ɗaurin zane ta yi godiya. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Munka kamo hanyar gida. Kamyo ya aje mu a mararraba da la'asar, saura tafiyar ƙafa. Tana gaba tana jan ƙafa, ina baya ina jiran ta juyo ta zage ni, don na fi son zagin da shirun nan. Da munka kai inda ake hango kwarin gabas, ta nemi wani dutse ta zauna tana mayar da numfashi. Na durƙusa a gabanta, ni da na girme ta da shekara goma.

"Zaliha, ki yafe mini. Na daɗe da sani."

"Ni ma na sani, Yaya," in ji ta. "Sau uku na ɗauki ciki, zan kasa gane motsi? Amma muddin yana kwance, mai rijiya bai gama tafiya ba. In na ji nauyin nan sai in ce nauyinsu ne." Ta kama naman damtsenta ta jijjiga. "Ashe duk nawa ne, ni kaɗai."

Ta kwance bakin zane ta dubi guntayen munduwa a tafinta. Ta ce ragon nan ya tsufa, gobe a yanka a yi wa mai shi sadaka. Igiya da dagi a ba duk wanda zai yi aiki da su. Na ce to. Sai ta ɗago ta dube ni, kamar ranar da ta shigo gidana tana murza bakin zane.

"Yaya Hajjo, yanzu in yi?"

"Ki yi me?"

"Kukan. Babu abin da zai zube."

Na ɗaga mata kai. Ta juya ta fuskanci kwarin, ta ɗora hannu a ka daidai yadda ta ɗora ranar da na toshe mata baki. Shekara talatin muna maƙwabtaka ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, sai ranar.

"Manzo! Wayyo Manzo!"

Matan da ke ɗiban ruwa a ƙasa sunka aje guga, sunka hau dutse a guje suna tambayar wa ya rasu. Na ce musu Manzo mai rijiya ne, yanzun nan.