Ɗan da ya sa wa Mama hawan jini

"Mama, jininki ya hau," in ji likita, yana kwance abin awo daga hannunta. A wani asibiti ne a Samaru, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zariya ba.

Mama ta ce, "To a rage min shi mana."

Ya yi murmushi. "Ba yawa ya yi ba. Ƙarfin da yake bi da shi cikin jijiya ne ya wuce kima. Akwai abin da ke damun ki?"

"Tunanin ɗana Bitrus ne. Yana Legas, ko waya ba ya yi."

Ina tsaye riƙe da jakarta. Ni na kawo ta daga Sabon Gari, ni ke mata girki da wanki.

A bas na kasa daurewa. "Mama, ni ba kya tunanina?"

"Haba Rifkatu, ana tunanin wanda ake gani kullum ne?"

Har ta rasu ni ke ba ta magani, amma kishin yayana bai bar ni ba. Ko ciwonta da sunansa take kira.

Ku da kuka zauna da iyaye a gida, kun taɓa jin haka, ko ni kaɗai ce?