Yaya Kulu da Tsofaffin Augie Biyu

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayata Kulu, kuma ban taɓa ɗokin ba ta labari kamar bana ba. 'Yata da ke karatun nazarin zamantakewa a jami'a ta zo hutu nan Gesse, tana ta zuba mini cewa yanzu masana sun yarda mai naƙasa aiki yake buƙata ba sadaka ba, kuma tsohon da ruɗewar tsufa ta kama sai an kula da shi bisa al'adar gidansu. Na yi dariya har da buga cinya. Da Yaya na nan, da ta ce sannunku da zuwa, amma kun makara.

Shan inna ya same ta tun tana ƙarama, da sanduna biyu take tafiya. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, kuma dangi sun gama yanke mata hukunci: ta zauna gida tana ɗinkin hula. Ita kuwa da takardar makarantarta ta yi ta jele a ofisoshin Birnin Kebbi, har aka ɗauke ta gwaji na wata uku a wani asibiti a Argungu, tana yi wa likita tafinta. An faɗa mata ƙarara cewa in ta kawo matsala, akwai masu ƙafafu biyu suna jira.

Likitan mutumin kudu ne, mai kirki, amma ya riƙe wata takardar tambayoyi da ya zo da ita daga inda ya yi karatu. Da ita yake auna tsofaffin da aka ce sun fara mantuwa. Cikin tambayoyin akwai sunan miji da na ɗan fari.

Saura mako biyu gwajinta ya ƙare aka kawo tsofaffi biyu daga Augie. Ta farko da aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, ta ja gyale, ta yi gum. Likita ya rubuta ta kasa. Ta biyu kuwa ta zano sunan mijinta da na ɗan farinta tiryan-tiryan, da ƙarfi. Surukarta da ta kawo ta ta rufe baki, ta fashe da kuka. Likita ya ji daɗin amsar, ya ce Yaya ta sallami ta biyun, lafiyarta lau.

Sau da yawa Yaya ta ce mini a lokacin ba abin da ta hango sai kanta zaune da allura da zare. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Duk da haka ta dogara sandarta ta miƙe.

"Likita, ka yi haƙuri," ta ce. "Wagga da ta yi shiru lahiya lau take, kunya ce. Waccan da taf faɗi sunan, ita za a duba."

Ta bayyana masa cewa a wurinmu mace mai shekaru ba ta kiran sunan mijinta ko ɗan farinta, ko da za a yanka ta. Ya haɗe rai, ya ce ta gwada masa. Ta tambayi ta farko kasuwar wane gari ke ci yau, da lokacin dashen albasa, tsohuwa ta jero su har tana yi mata gyara. Ta biyu ko sallar da ta yi da safe ba ta tuna ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Washegari likita ya miƙa mata farar takarda ya ce ta rubuta nata tambayoyin. Aka tabbatar mata da aiki. Ranar ta shigo gida tana guɗa da kanta, dangin da suka yi mata zaɓin hula suka rasa inda za su sa fuskarsu. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba, ni dai na sha rawa.

Yau da za ta ga guragu da makafi suna aiki a ofis, na san za ta yi murna, sannan ta tambaya mutum nawa aka mayar a bakin ƙofa. Ba ta iya yabo ba tare da tsiya ba.

Sunanta bai shiga littafin kowa ba. Abin da ta bar mana ya fito ne a gidanmu. Ita ce 'yar farin Inna, kuma wata safiya Inna ta ɗaga kai ta ce, "Kulu, miƙo min ruwa." Mu duk ba mu lura ba. Yaya ta miƙa ruwan, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta tara mu. Ta hana a ce wa Inna ta haukace, ta raba mana kwanakin jinya, Inna ta ƙare rayuwarta a ɗakinta da mutuncinta.

Daga baya na tambaye ta kukan mene ne. Ta ce rabi na ciwon Inna ne, rabi kuwa ba ta taɓa sanin sunanta na da daɗi haka ba. Allah Ya jiƙan su duka biyun.